Ƙahon da Yaya Ɗanlami Bai Ƙarasa Ba

Bayan na gama umara na cire harami, abokan tafiyata suka shiga sayen dabino da darduma na tsaraba, ni kuwa na ɗauki 'yar jakata na hau motar Jidda ban yi wa kowa sallama ba. Ba ibada kaɗai ta kawo ni ƙasar ba. Yayana na zo nema.

Sunansa Mahmudu, amma a Maigatari ba mai kiransa da haka, Ɗanlami kowa ya sani. Mu majema ne, gadon gidanmu ke nan, kuma tun muna yara ya fi ni hannu. Da kasuwar fata ta ja baya ya tafi Saudiyya neman abin rufin asiri, ya bar matarsa Binta da ciki. Shekarun farko duk Juma'a sai ya kira, ya gaisa da Innarmu, a kara wa 'yarsa Ummi wayar a kunne ya yi ta yi mata surutu tun ba ta san magana ba. Rana ɗaya wayar ta daina shiga. Muka ce ko kame aka yi, za mu gan shi cikin waɗanda ake korowa. Jirage suka yi ta sauka a Kano babu shi. Shekara ta zagayo, iyayen Binta suka fara maganar zuwa wurin alƙali a raba auren, ita kuma ta ce ba inda za ta sai ta ji ko yana raye ko ya mutu. Inna kuwa ramewa kawai take yi. Ni kaɗai ne namijin da ya rage a gidan, don haka tafiyar ta faɗo a kaina.

A unguwar Ammariyya na fara sauka, domin an ce mini a nan zan ji Hausa kamar ina Fagge. Haka ne kuwa. Tsofaffin gidaje ne a cushe, na'urorin sanyaya ɗaki suna ɗigo wa masu wucewa ruwa, ga iskar teku mai danshi da ke manne wa mutum riga a jiki tun da safe. Na riƙa bi shago-shago ina nuna hoton Yaya, wanda aka ɗauka ranar wata Salla yana sanye da hula zanna. Wasu su duba su girgiza kai. Wasu ko dubawa ba sa yi, da sun ga hoto sai su juya baya. Daga baya na gane dalili. Da yawa daga cikin mutanenmu a nan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka baƙon da ke yawo da hoton wani yana tambaya ba abin yarda ba ne.

Mutum ɗaya ne ya karɓi hoton da hannu biyu. Alhaji Ɗan'iya ake ce masa, mai tumbi, farar jallabiyarsa tana ƙamshin turare. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi murmushi.

"Ɗanlami ai namu ne," in ji shi. "Kai ƙanensa ne? Ga kama nan. A unguwar masana'antu yake aiki, nan Jidda, wajen ɗakunan ajiyar kaya. Kafilinsa ne, ubangidan da ya tsaya masa, ya tura su wani aiki can arewa, wurin ba a samun waya. Sun kusa dawowa."

Ban san lokacin da na durƙusa na riƙe hannunsa ba. A ranar na kira gida na gaya wa Inna an ga Yaya, yana nan lafiya. Na ji Binta tana kuka a bayanta. Washegari Inna ta sa aka toya waina aka raba sadaka a unguwa.

Alhaji Ɗan'iya ya ce maimakon in zauna haka, in riƙa taɓa aiki a wurin da Yaya zai dawo ya same ni. Ya karɓi fasfona ya ce zai adana mini. Ya kai ni wani katafaren ɗakin ajiya na kwano a kudancin gari, inda ake sauke kwalayen tayil daga manyan motoci. Da rana kwanon yana ɗaukar zafi har numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya, a cikin kwantena kuma muke kwana. A hannun Alhaji ake biyan ladan aikina, shi kuma ya ba ni abin da zan ci. Ban damu ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofa sai na ajiye kwali na leƙa.

"Mako mai zuwa," haka yake ce mini duk zuwan da ya yi. Makonni suka zama watanni, bizata ta ƙare, na shiga sahun masu ɓuya in sun hango motar 'yan sanda. Wani dattijo Basudane da muke aiki tare, mai ciwon baya, shi ya ja ni gefe wata rana muna shan shayi. Da ɗan Larabcin da na tsinta da nuni da hannu ya fahimtar da ni cewa kafin ni an yi wani Bahaushe a nan mai neman ɗansa, shi ma Alhaji ne ya kawo shi, shi ma an ce masa ɗan yana arewa.

Da Alhaji ya zo na tare shi a bakin motarsa. Na ce, "Alhaji, don girman Allah, yaushe Ɗanlami zai dawo?"

Hankalinsa yana kan waya. Ya ce, "Wane Ɗanlami?"

Ya ɗago muka haɗa ido, ya gane abin da ya fita daga bakinsa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban zage shi ba, ƙarfin zagin ma babu. Ya buɗe aljihun mota ya miƙo mini fasfona ya ja motarsa. Duk wahalar da na sha a wurin ba ta ci mini rai kamar wainar da Inna ta raba ba.

Na koma Ammariyya, na samu wurin shimfiɗa a wani ɗaki da wasu 'yan Zamfara suke kwana bi da bi. Yau wankin mota, gobe dako. In na kira gida sai in ce aikin arewa ne aka ƙara wa lokaci.

A bakin lungunmu akwai wata dattijuwa mutumiyar Maraɗi, Hajiya Ramatu, da ke baje kayan gida a tabarma: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, goro. Ta daɗe a Jidda har ta aurar da 'ya'ya. Ashe ta lura kullum in zan wuce sai na rage tafiya a gaban daddawar, amma ba na saye.

"Ɗana, zo nan," ta ce wata rana. "Yaushe rabonka da tuwo?"

Ta buɗe kwanon da ta kawo wa kanta ta turo mini. Tuwon shinkafa ne miyar kuka. Na ci kaina a sunkuye don kada ta ga idona. Da na gama ta tambayi abin da ya kawo ni, na ba ta labari, na nuna mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta mayar nesa.

"Wannan mai ƙiba ne da hula," ta ce. "Mutum in ya shekara a garin nan ba ya kama da hotonsa. Mene ne sana'arku a gida?"

"Jima muke yi, Hajiya."

Ta janyo wani ɗan buhu daga bayanta ta buɗe, sai ga bagaruwa, irin wadda muke jeme fata da ita.

"Mata ke sayen wannan kaɗan-kaɗan, na magani. Amma an yi wani siriri mai sanyin magana da yake ɗaukar mudu guda a zuwa ɗaya. Na ce masa jima kake yi a Jidda? Ya yi dariya ya ce ƙaho yake rinawa. Mahamud suke ce masa. Da hannun hagu yake ɗaga kaya."

Yaya Ɗanlami bahago ne. Babanmu ya yi dukan duniya bai daina ba.

"Yaushe rabonki da shi, Hajiya?"

"An daɗe, ɗana. An daɗe ƙwarai." Ta kwatanta mini wani shago a Sa'alaba, na wani tsoho da ake kira Ammi Bakur. Da na miƙe ta riƙo bakin rigata. "Ka je, amma ka tafi da haƙuri."

Sa'alaba unguwa ce ta gajerun gidaje da ƙananan shaguna. Shagon ba shi da allo, amma ba ya ɓata, domin ƙahoni ne a rataye tun daga bakin ƙofa har ciki: na barewa, na mariri dogaye miƙaƙƙu, na ragunan dutse masu murɗiya. Masu hali suna ƙawata zaurukan baƙinsu da irin waɗannan, in sun tsage ko sun koɗe sai a kawo gyara. A tsakiya wani dogon tsoho yana zaune a kan kujera yana kankare wani abu da 'yar wuƙa. Yanar ido ta rufe idanunsa duka biyu, sun yi fari. Na yi sallama.

Hannunsa ya tsaya cak.

"Mahamud?" ya ce a hankali. Sai ya yi istigfari. "La, la. Ba shi ba ne. Kai wane ne, ya waladi, ɗana?"

"Ƙanensa ne, Baba. Isuhu."

"Isuhu," ya maimaita. "Mai saurin hannu. Muryarku ɗaya."

Ya lalubo wata kujera ya turo mini, ya zuba mini ruwa da kansa, ya jira sai da na sha. Haihuwar Jidda ne, kakansa ya zo aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba, Hausarsa kuma a haɗe take da Larabci. Bai yi mini kwana-kwana ba.

"Yayanka ya rasu, ya waladi. Allah yarhamu. Tun azumin bara waccan."

Na ji na ce innalillahi, amma kamar wani ne ya faɗa. Ya bar ni na zauna iya zamana, sannan ya ba ni labarin. Zazzaɓi ne da ciwon kwiɓi. Iƙamar Yaya ta mutu tun da ya rabu da kafilinsa, don haka ya ƙi zuwa asibiti, ya ce in ya je daga can sai jirgi, ga shi bai tara abin komawa ba. Ya yi ta shan jiƙo yana aiki. Ranar da ya faɗi a shagon, Ammi Bakur ya kira wani maƙwabci mai mota suka kai shi, amma an makara. Wayarsa a kulle take, ba wanda ya iya buɗewa.

"Tun farko na tambaye shi garinsu, ya ce Kano. Ku duka Kano kuke cewa. Alhajin Kano da na ji labarinsa duk na ba shi saƙo: Mahamud majemi ya rasu a Jidda."

"Kano babba ce, Baba," na ce. "Mu ma ba 'yan can ba ne."

Gawar marar takarda ba ta fita da sauƙi. Tsohon nan, da idon da ba ya gani, shi ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, ya tsaya a matsayin ɗan'uwa, har aka ba shi. Shi ya yi masa wanka. An yi masa salla a masallaci bayan la'asar.

Washegari ya kai ni maƙabartar, hannunsa a kafaɗata. Fili ne shimfiɗaɗɗe a cikin katanga, ba tudu, ba suna, sai ƙananan duwatsu a jere iri ɗaya. Mai gadi ya nuna mana wani layi ya ce a nan aka rufe mutanen watan. Ammi Bakur ya ƙirga taku daga katanga, ya tsaya, ya matsa, ya sake tsayawa.

"Tsakanin nan da can ne," ya ce. "Ka yafe mini, ban iya riƙe wurin ba."

Na tsaya a rana na yi wa layin gaba ɗaya addu'a.

Ya ba ni ɗan ɗakin da ke bayan shagon, inda Yaya yake kwana. Butarsa tana nan, da silifas ɗinsa, da wasu 'yan takalman yarinya a leda waɗanda na san tuni ƙafar Ummi ta wuce su. Na ɗauki waya sau da yawa in kira gida, in ajiye.

A kan teburin aiki akwai wani abu babba a lulluɓe da zane. Da Ammi Bakur ya lura na yi kwanaki ba na ci ba na magana, sai ya ce in yaye. Ƙaho ne irin wanda ban taɓa gani ba, mai rassa kamar busasshiyar bishiya, faɗinsa ya kai in buɗe hannuwana biyu. Na wata barewa ce ta ƙasashen sanyi, ayyil yake kiranta. Ba kamar na shanu ba ne mai rami a ciki, wannan ƙashi ne zalla. Ɓangaren dama ruwan ƙasa ne mai duhu, yana ɗan sheƙi, tsinin rassan fari kamar haure. Ɓangaren hagu kuwa fari fat kamar alli, duk ya yi ƙananan tsaga, in ka shafa gari ya biyo yatsa.

"Aikin yayanka na ƙarshe," in ji Ammi Bakur. "Na wata Hajiya ce. Mijinta ya zo da shi daga ƙasar da ya yi karatu, ya kafa a katangar gidan gonarsu, rana ta yi shekaru tana cinsa. Da ya rasu ta ce tana so ya koma yadda yake, ta shigar da shi ɗaki. Mahamud ya gama dama, ciwo ya kayar da shi. Tana ta kira. Ni yanzu hannu ke gani, hannu kuwa ba ya ganin launi. Kuma ba zan bari a shafa masa fenti ba."

"Ban san aikin ƙaho ba, Baba."

"Shi ma bai sani ba da ya zo. Yalla, wanke hannunka."

A ƙarƙashin teburin na samu kayan Yaya. Tukunyar da jiƙon bagaruwa ya bushe a ciki, da gwangwanin tsatsattsun ƙusoshi da ya haɗa kuloko, baƙin rinin da Babanmu yake yi wa fata. Da na buɗe murfin warin ya bugo ni, sai da na fita waje na daɗe kafin na dawo.

Na fara da wanke ɓangaren hagu da sabulu da buroshi mai laushi, na shanya a inuwa. Ammi Bakur ya koya mini cike tsagar da gam da aka kwaɓa da garin ƙaho, in ya bushe a goge har yatsa ya daina jin wurin. Wannan shi ya fi ni iyawa, domin yatsunsa suna gano tsagar da idona bai gani ba. Sannan aka zo kan launi. Na jiƙa bagaruwa, na zuba ragowar gahawar da tsohon yake sha, na ɗiga kuloko, na gwada a wani guntun ƙaho da ya ba ni. Ya fito baƙi ƙirin kamar an babbaka.

Na gaya masa. Ya yi dariya, karo na farko da na ji dariyarsa.

"Yayanka ya faɗa mini haka kake. Shuwayya shuwayya, a hankali, ya Isuhu. Dabbar nan da farin ƙaho take farawa. Gogawa take yi a jikin itace, ruwan ɓawo da ƙasa su shiga cikin zanen kaɗan-kaɗan. Shi ya sa gindi ya fi duhu, tsini ya fi haske. Ka sa ruwa-ruwa, ka bari ya sha, ka bar shi ya kwana. Gobe ka ƙara."

Haka na riƙa yi. Kullum da safe shafa ɗaya da ɗan tsumma, in bi cikin zanen da gashin buroshi, in goge tudun da busasshen ƙyalle kafin ya kama. Ƙahon ya riƙa sha kamar busasshiyar ƙasa. Daga fari ya koma ruwan ƙwai, ya koma ruwan shayi, ya fara duhu. Amma in na ja da baya na duba, na Yaya yana da wani ɗan ja a ƙarƙashin duhun, nawa babu.

Na je wurin Hajiya Ramatu sayen bagaruwa, na gaya mata abin da na tarar. Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka kamar nata ne. Da ta natsu na ambata mata maganar launin, don dai in samu abin faɗa. Ta yi tunani, ta ɗebo jan goro ta ƙulla mini a takarda.

"Kullum da wannan yake haɗawa," ta ce. "Haƙoransa kuwa farare tas, ba ya ci."

Na daka goron na tace na zuba. Kwana kaɗan jan ya fito.

Muna aiki Ammi Bakur yana ba ni labarin Yaya. Yadda yake ƙananan waƙe-waƙe in yana goge ƙaho, yadda ya ƙi cin kifin teku har ya mutu wai ƙarni, yadda suke zama bayan azahar yana tuna masa kalmomin Hausar da ya manta tun rasuwar mahaifiyarsa. 'Ya'yan tsohon suna jin Hausa amma da Larabci suke ba shi amsa, sun kuma daɗe suna matsa masa ya rufe shagon ya zauna a gida. Ni ma na ba shi labarin Yaya na yarinta. Na lura inda Yaya ya goge tsinin rassan, sawun ƙyallensa ya karkata ne ta hagu. Na gwada da hannun hagu don su zo ɗaya, ya ƙi. Na bar nawa yadda hannuna ya ba ni.

Wata Juma'a Inna ta kira ina shagon. Ta ce, "Ya dawo?" Na ce saura kaɗan. Da na ajiye, Ammi Bakur ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ya waladi, akwai mace can tana zaune da igiyar auren mamaci. Kowane kwana ka ƙara mata, a wuyanka yake."

"Bari in gama ƙahon, Baba."

"Ƙaho ya saba jira. Kira su."

Na kira bayan la'asar. Na ce, "Inna, ina so ki zauna."

"Faɗi, Isuhu," ta ce. "Muryarka ta daɗe da gaya mini. Bakinka nake jira."

Na faɗa. Ta yi salati ta sake yi, ba ta ɗaga murya ba. Sannan ta ce, "An yi masa wanka?"

"An yi, Inna."

"Wa ya yi?"

"Wani tsoho ne da yake aiki a wurinsa. Ga shi nan kusa da ni."

"Ba ni shi."

Na sa masa wayar a hannu. Ya gyara zama, ya tattaro duk Hausar da yake da ita. "Hajiya, sannu da haƙuri. Ɗanki mutumin kirki ne, bai taɓa ci mini amana ba. Da hannuna na wanke shi. Masallaci ya cika da aka yi masa salla." Ya saurara, yana gyaɗa kai, hawaye yana bin gemunsa. Daga baya na tambaye shi me ta ce. Ya ce addu'a ta yi masa, Allah ya ba shi mai yi masa abin da ya yi wa nata.

Na ƙarasa aikin cikin makonnin da suka biyo. Shafa ta ƙarshe ta mai ce, ɗan kaɗan a tafin hannu, a murza har ƙahon ya daina sha. Ammi Bakur ya bi shi da yatsu tun daga gindi har kowane tsini, dama da hagu, ya ce khalas, an gama. Hajiyar ta zo da direbanta, tsohuwa ce mai sanda. Ta daɗe a tsaye a gaban teburin. Ta miƙa hannu ta taɓa reshe ɗaya, ta yi magana ƙasa-ƙasa, Ammi Bakur ya fassara mini: ta ce haka yake ranar da mijinta ya shigo da shi gida. Ita ba ta ga bambanci ba. Ni ina gani, na Yaya ya fi nawa zurfi. Ta tambayi wanda ya yi aikin, ya ce mata 'yan'uwa biyu ne. Direban ya naɗe shi da bargo ya sa a bayan mota.

Ammi Bakur ya so in zauna. Ya ce zai nema mini kafili ko ta yaya, shagon ma in ya mutu nawa ne. Na ce Inna ba ta da kowa yanzu. Ya ce gaskiya ne. Na san in na tafi 'ya'yansa za su rufe wurin, shi ma ya sani. Ranar da zan tafi ya raka ni har bakin titi yana riƙe da hannuna, ya ce duk Juma'ar da ya samu mai kai shi zai je layin nan ya yi addu'a a madadinmu.

Na miƙa kaina ga hukuma. Aka kai ni tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, aka ɗauki zanen yatsuna, aka ce ba ni ba ƙasar sai bayan shekaru. Na yi makonni a wani babban ɗaki cike da mutane, kowa da labarinsa, sannan aka sa mu a jirgin Kano.

Na iske Inna ta ƙara tsufa, amma tana cin abinci. Binta na same ta a ɗakinta a kan tabarma, ba ɗankunne, ba kwalli, tana takaba. Ta gaishe ni da hanya, ta tambaye ni ko ya sha wuya. Na ce bai daɗe a kwance ba.

Washegari mahaifinta ya zo da safe. Ya ce ya je wurin liman, liman ya ce takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da aka ji ba, don haka tata ta daɗe da wucewa. Ta haɗa kayanta su tafi gida. Aka aika mata, ta fito bakin zaure ta durƙusa.

"Baba, na ji abin da liman ya ce, ban kuma musa ba. Amma ban yi masa jinya ba, ban ga gawarsa ba, ban san kabarinsa ba. Wannan kaɗai ya rage mini da zan yi masa. Don Allah a bar ni in yi."

Mahaifinta ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya daɗe a tsaye a zauren, sannan ya sa takalminsa ya tafi shi kaɗai.